SALLAR DA BA WATA

Shafi na 14

Masu turo min saƙo tun asuba cewa in tausaya wa Musye Njidda, wai shi ma a ƙarƙashin wasu yake, na gani. Ku karanta wannan shafin tukuna, sannan mu ga mai bakin sake faɗa.

*

Azahar ta gota, amma a gidan Malam Hamadu Ladan babu wanda ya ɗaga murfin tukunya. Ga tuwon shinkafa, ga miyar kaji har mai ya kwanta a kanta, kowa yana kauce musu.

'Yarsa Karimatu na zaune a bakin ƙofar ɗakinta, sabon zanen sallah a jikinta, idanunta sun kumbura don kuka.

Jiya bayan isha'i muryarta ce ta fito a shirin Hausa na gidan rediyo, ta ce an ga wata, gobe sallah. Nan Yawunde wa ke ganin wata da damina? Hadari ne rufe da sama kullum, sai dai a jira labarin Arewacin ƙasar ta rediyo. Unguwarsu Briqueterie kuwa ta ɗauka da guɗa. Mahauta suka yanka, teloli suka kwana a kan keke, da safe aka ci aka sha aka yi idi. Masu kama tashar Kaduna sun ce su ba su ji ba, aka ce musu ai kowace ƙasa da nata.

Sai da hantsi jirgin ƙasa na Ngaundare ya iso. Mutane suka sauko baki bushe, kowa da azuminsa. Ba a ga wata ba, ko a Garwa, ko a Marwa, ko a ina.

Ta bayan katanga wata maƙwabciya ta ɗaga murya.

"A gaya wa 'yar rediyo, azumin tsohuwata yana wuyanta! Tun tana budurwa ba ta taɓa sha ba sai yau!"

Karimatu ta toshe kunnuwa. Ba ta gama toshewa ba ta ji sallama a zaure, da muryar da ko cikin barci ta san ta.

Musye Njidda ne, shugaban sashensu a gidan rediyo. Shi ke duba duk abin da za a sa da Hausa kafin ya fita. Kaf gidan rediyon daga shi sai ita ke jin harshen.

"Karimatu!" in ji mahaifinta. Tun hantsi sai yanzu ya kira sunanta.

Ta ja mayafi ta fito, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

Njidda na zaune a gefen tabarma da kwat da takalmi sau ciki, yana share taɓon unguwa da hankici kamar kashi ya taka.

"Baba Ladan, ni abin nan ya fi damuna fiye da kowa. Wallahi ko ruwa ban iya..." Sai ya yi tari. "Ina nufin hankalina a tashe yake."

"Ba hankalinka na tambaya ba," in ji Malam Hamadu. "Cewa na yi a gaya mini yadda aka yi 'yata ta ga watan da Allah bai fito da shi ba."

"Baba, ban ce na gani ba..."

"Da kunnena na ji ki!"

"Ba a lokacin nake magana ba, Baba. Faifai ne. Mu 'yan Hausa ba a barin mu magana kai tsaye, sai an ɗauka an saurara tukuna. Jiya da rana na yi guda biyu. Ɗaya na ce an ga wata, ɗaya na ce ba a gani ba. In waya ta zo daga Arewa, sai Shef, shugabana ɗin nan, ya miƙa wanda ya dace a sa."

Tsohon ya ajiye carbinsa a hankali.

"Da rana?"

"Eh, Baba."

"Rana tsaka, da azumi a bakinki, kika buɗe baki kika ce an ga wata?"

"Haka ake yi kowace shekara..."

"Ban tambaye ki yadda ake yi ba! Ranar da na bar ki kika shiga aikin nan, duk unguwa na zagina, ana cewa Ladan ya kai muryar 'yarsa kasuwa, me na ce miki?"

Hawaye suka zubo mata.

"Ka ce kada in faɗi abin da ban sani ba."

"To kin san shi?"

Wannan kam ta ji ta har cikin ƙashi, don babu ƙarya a ciki.

"Ni na ja kabbara yau a filin idi," in ji shi. "Ni na fara sa dabino a baki a gaban jama'a. Ɗazu da zan kira azahar, Sarkin Fawa ya riƙe mini hannun riga ya ce in bari wani ya kira. Tun kafin a haife ki nake kiran salla a masallacin nan."

Njidda ya gyara zama. Dama abin da yake jira ke nan, munafukin Allah.

"Shi ya sa na zo, Baba, a kashe wutar tun ba ta ci gidan ba. Kuskure ne na yarinta. Ta gama ɗauka, ta musanya akwatunan, na an-gani ya shiga na ba-a-gani-ba. Ni kuma waya ta zo cewa ba a gani ba, na ɗauki akwati na miƙa wa mai inji. Shi ɗan Kudu ne, ko sannu bai sani ba da Hausa. Shi ke nan."

Karimatu ta ɗago kai.

"Na musanya?"

"Kowa yana kuskure, Madmazel."

"Shef, a gabanka na rufe su."

"To aljani ne ya musanya?"

"Na ji, a ce ni ce. Ka saurara kafin ka miƙa?"

"Me?"

"Dokar da kai ka kafa mana. Babu faifan da zai fita sai ka ɗora shi ka ji farkonsa da kunnenka. Saboda ita ka taɓa mayar da ni situdiyo don na yi atishawa a tsakiyar gaisuwa. Na ce jiya ka saurara?"

"Ke, da wa kike magana haka?"

"Amsa mata," in ji Malam Hamadu.

Njidda ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Baba, aikin ofis ne, ba za ka gane ba. Ga abin da ake ciki. Direkta ya ce yau bayan la'asar a ba jama'a haƙuri. Ya ce kuma ba ya son ya sake jin an ambaci faifai, kai tsaye za a yi. Za ta zauna ta ce ita ta yi kuskure, ta nemi gafara. Ni kuma in san yadda zan yi ta tsira da ɗan dakatarwa."

"Kai fa?" in ji Karimatu.

"Ni me?"

"Kai me za ka ce?"

"Muryata aka ji?"

Kai, jama'a! Wani mutum in yana magana sai ka ji kamar ka tashi ka shaƙe shi.

"Ni ma fa abin ya ci ni," ya ci gaba, har da dafa ƙirji. "Sai da jirgi ya iso na sani, kamar kowa. Ni ma na ci, iyalina sun ci..."

"Ƙarya kake yi!"

Labulen ƙofar cikin gida ya yaye. Goggo Kaltuma ce, ƙanwar Malam Hamadu, mai kitson da rabin matan unguwa ke kwantar da kai a cinyarta. Ɗankwalinta a karkace, hannunta riƙe da kwanon samira a ɗaure da ƙyalle. Ta dire shi a gaban Njidda har miya ta tsiyayo ta gefe.

"Kaltuma, mene ne haka? Da baƙo..."

"Yaya, ka bar ni! Tun safe maganar nan ke cin cikina. Na yi alkawari ba zan faɗa ba, amma gara in yi kaffara da in tsaya ina ji ana yanka 'yar nan a zauren ubanta."

Ta juya kan Njidda.

"Ka san kwanon nan?"

"Ina zan san kwanonku?"

"Tuwon sallarka ne. Ana saukowa idi Mariyama, uwar yarinyar nan, ta zuba, ta zaɓo maka cinyoyi, ta ce shugaban 'yarta ne, ba za a aiki yara ba. Ni na ɗauka da ƙafata har unguwarku Nkomkana, cikin taɓo. A lokacin jirgi ko ƙamshin gari bai jiyo ba."

Njidda ya daina share takalmi.

"Na shiga gidanka na tarar shiru. Ba turare, ba sabon kaya, yaranka da rigunan jiya. Kitson da na yi wa matarka Safiyatu shekaranjiya a ƙunshe cikin tsohon ɗankwali. Na ce Safiyatu barka da sallah, ta amsa a ciki. Na buɗe kwano na ce ɗanɗana miyar nan ki ji hannun Mariyama. Ta ce an jima. Na ce a'a, yau sallah, sai kin taɓa. Na gutsuro nama na kai mata baki. Ka san me ta yi?"

Ta nuna Njidda da yatsa.

"Ta kau da kai ta fashe da kuka. Ta ce Goggo, azumi nake."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam Hamadu.

"Ga kwanonin sahur nan a bakin famfo ko wanke su ba a yi ba! Ta ce da kanka ka tashe su. Ka ce musu kada su kula da rediyo, kuskure aka yi, kuma kada wanda ya leƙa waje. Ta roƙe ni don Allah don Annabi in mayar da kwanon, kada ka dawo ka san na zo. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an mayar da tuwon sallah a rufe ba sai yau!"

Karimatu ta miƙe tsaye. Ba ta taɓa tsayawa a kan mahaifinta yana zaune ba, amma yau ko sanin ta yi ba ta yi ba.

"Ka sani."

"Ki saurara..."

"Tun jiya ka sani! Kana jin ya fita ka san ba shi ba ne, don kai ka ɗauki wayar!"

"Ina mota na ji, na riga na bar ofis! Kafin in juyo an kusa rufe tasha. Wa ke sake buɗe tasha ba da izinin Direkta ba? In je in buga masa ƙofa in ce me?"

"Ka ce ka yi kuskure!"

"Kin san abin da wannan zai ja mini?"

"To da asuba fa? Da asuba ana buɗe tasha! Ko aike ka yi mini, wallahi da gudu zan zo ko ba takalmi. Kafin kowa ya kai loma baki da mun gyara. Kai ka zauna ka ci sahur ɗinka, ka gyara azuminka da na 'ya'yanka, ka bar gari guda..."

Ta nuna mahaifinta.

"Ka bar ubana ya tsaya a gaban jama'a yana kabbara."

"Mugu," in ji Goggo Kaltuma. "Mugu mai kwat. Shi ya sa ɗazu ka ce ko ruwa ba ka iya sha ba. Ina za ka sha, kana tattalin ladanka!"

Njidda ya miƙe ya kakkaɓe wando. Duk ladabin nan da Baba-Baban nan suka bi iska, ainihin fuskarsa ta fito.

"Kun gama?"

Ya dubi Goggo.

"Maganar mai kitso. Wa zai saurare ta? Matata kuwa ko gaban wa aka kai ta, abin da na ce shi za ta ce."

Ya juyo kan Karimatu, ya rage murya.

"Ke kin yi boko, kin san ƙasar da muke ciki. Yanzu sunan abin nan kuskure. In kin ƙi, kafin magariba sunansa zai canza. Za a ce da gangan aka yi don a hargitsa Musulmin babban birni. Kin san masu zuwa in an faɗi haka, da motar nan tasu marar lamba. Kuma ba ke kaɗai za su tambaya ba. Za su ce wa ya tara jama'a a filin idi? 'Ya ta sanar, uba ya ja kabbara. Kin ga yadda maganar ta zauna daidai?"

Har Goggo, mai bakin nan, sai da ta haɗiye yawu. Kowa a Briqueterie ya san gidan da motar nan ta taɓa tsayawa, ya kuma san har yau ba a ga mai gidan ba.

Karimatu ta dubi mahaifinta. Tsoho ne mai ciwon ƙafa, in sanyi ya sauko sai an kama shi yake hawa matakalar masallaci.

"Zan yi," ta ce.

"Karimatu!" Goggo ta daka mata tsawa. "Kin haukace?"

"Na ce zan yi, Goggo."

"Yauwa," in ji Njidda. "Ashe da hankalinki. Mota na bakin titi wajen masu tsire. Kada ki ɓata mini lokaci."

Ya tsallake kwanon ya fita, ko sallama babu.

Goggo ta zube a ƙasa tana tafa hannu tana Allah ya isa. Karimatu ta shiga ta sako takalmi. Da ta fito za ta wuce, mahaifinta ya kira ta, ba tare da ya ɗago kai ba.

"Saboda ni kika amsa?"

Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ni na tsufa, Karimatu. Ba na son a saya mini sauran kwanana da ƙarya. Jiya kin faɗi abin da ba ki sani ba, kin ga inda ya kai mu. Yau kuma kin sani."

Ya ɗauki carbinsa.

"Kaltuma, ɗauko mini rediyon nan. A ƙofar masallaci zan kunna ta."

*

A mota Njidda ya miƙo mata 'yar takardar da ya rubuta abin da za ta faɗa, ta karɓa ta riƙe.

Situdiyon sanyi ƙalau. Ta sha zama a kujerar nan, amma kullum inji take yi wa magana. Yau mutane ne. Tana ganinsu a ranta, mahauta da teloli da matan bayan katanga, da tsoho ɗaya a ƙofar masallaci da rediyo a cinya.

Ta cikin gilashi tana hango mai inji a gaban maɓallansa. Njidda ya je ya tsaya dab da kafaɗarsa, yadda ko tari ta yi ba daidai ba zai sa a yanke.

Sai ƙofa ta buɗe.

Direkta ne da kansa, ƙaton mutum ɗan Kudu, ransa a haɗe tun safe. Ya ce yau da idonsa zai ga an yi abin nan. Ya ɗaga wa Njidda hannu ya matsa, ya ja kujera ya zauna a gefen mai inji.

Njidda ya koma baya, ya jingina da bango.

Jar fitila ta kama.

Karimatu ta dubi takardar. Ta kife ta a kan tebur.

"Assalamu alaikum jama'ar Briqueterie, da Messa, da Nkomkana, da duk inda ake jin mu. Karimatu ce, 'yar Malam Hamadu Ladan. Wannan ba faifai ba ne, ni ce da kaina."

Ta tsaya ta ja numfashi.

"Laifina zan fara faɗa. Jiya da rana na ce an ga wata alhali ban sani ba, don haka aka saba a gidan nan. Wannan nawa ne, ku yafe mini. Mahaifina bai san komai ba, yadda kuka ji haka ya ji."

Njidda ya saki ajiyar zuciya.

"Amma akwai wanda aikinsa ne ya saurara kafin a sa, bai saurara ba. Ya san gaskiya tun jiya. Ya koma gida ya tashi iyalinsa sahur, ya bar ku kuka ci. Yanzu haka da azumi a bakinsa, yana tsaye yana kallona."

Njidda ya zaburo, hannunsa ya nufi kafaɗar mai inji.

Direkta ya tare hannun. Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ga takarda a kife, ya ga gumi na tsattsafo wa Njidda cikin wannan sanyin. Ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye shi da Faransanci, a hankali.

"Njidda, me take cewa?"

A bayan gilashi, Karimatu ta matso da bakinta kusa da makirfo.

"Sunansa..."